Baƙin Takalmi Mai Igiya

Shekara goma sha biyu Dogo yana tarbar baƙi a ƙofar babban otal, cikin baƙar kwat da farar riga, kafin mota ta karya masa ƙafar hagu. Ƙashi ya ɗoru, amma ƙafar ta ɗan gajarce, tafiyarsa ta koma ɗingishi. Ranar Litinin zai koma aiki, kuma mai otal ɗin ta riga ta faɗa masa a waya, da muryar tausayin nan mai ban haushi, cewa in tsayuwa ta gagare shi akwai tebur a ofishin baya. Ofishin baya! Maganar nan ta tsaya masa a rai.

Don ya huce, ya sayo wani takalmi mai tsini da ƙyalli. Matarsa ta juya shi a hannu ta ce, “Maigida, waƙa za ka fara ne?” Ta tura shi wurin wani tsoho mai ɗinkin takalma da ke ƙarƙashin matakalar wani bene.

Shagon bai fi tsawon mutum ba, sai warin gam da fata. Dogo ya je da safe, tsohon ya kore shi.

“Ƙafar safe ba ta faɗin gaskiya, ɗana. Bari ta wuni ta kumbura. Ka dawo da yamma, da wandon kwat ɗin da tsohon takalminka.”

Dogo ya tafi yana gunaguni, amma ya dawo. Tsohon ya kifa tsohon takalmin, ya bi ƙasansa da babban yatsa.

“A tsaye kake aiki, a kan tayil. Kullum dama kake juyawa. Hanya kake nuna wa mutane?”

Dogo ya zuba masa ido. Matakalar otal ɗin tana hannun dama, kuma bai faɗa wa mutumin nan ko sunansa ba.

“Baba, duba kake yi ne?”

“Takalmi nake ɗinkawa. Cire safa ka miƙe.”

Tsohon ya riƙa cusa siraran fatu ƙarƙashin diddigen hagu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ya zare ɗaya. Ko ƙasa ba ya kallo, kafaɗun Dogo yake kallo. Can sai Dogo ya ji wani abu ya saki a ƙugunsa, ciwon da ya yi wata tara yana ɗauka ba ya ko ambata.

Daga nan Dogo ya roƙi a ɗinka masa takalmi ruwan ƙasa mai ɗan ado. Tsohon ya girgiza kai.

“Baƙar kwat, baƙin takalmi mai igiya, shi ke nan. In baƙo ya lura da takalminka, na ɓata aiki. Tudun da zan ƙara wa na hagun, a ciki zan ɓoye shi.”

Ranar Asabar Dogo ya karɓi takalman. Ya jera su a benci, ya duba gaba ya duba baya, wallahi bai ga bambanci ba.

Litinin da safe ya tura ƙofar gilashin otal ɗin. Mai otal tana tsaye can ƙarshen zauren, taku arba’in tsakaninsu, ma’aikata kowa ya yi kamar yana aiki. Ya taka. Bakin wandon ya sauka daidai a ƙafa biyu, ƙarar takunsa a tayil iri ɗaya. Shi kansa mamaki yake yi, kamar an ara masa jikin wani.

Ta kalle shi tun daga sama har ƙasa, ta daɗe.

“Dogo, wai wacce ce ta karye?”

Ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa. Sai da ya yi tunani.