Tankar Mai a Hanyar Badagari

Da sassafe Gali ya fito da motarsa daga lungunsu na Sheshe. Mahaifiyarsa Hajiya 'Yardada ce a gaba, matarsa Sa'adiyya da 'yarsu Yusra suna baya. Badagari suka nufa, can bakin teku, don duba Kawu Isiyaku, ƙanin Hajiya, wanda ya daɗe yana jinya.

Suka kwana a hanya. Washegari da hantsi, bayan sun wuce Mokwa, suka tarar motoci sun tsaya cik. Kafin Gali ya yi tunanin juyawa, wata tirela ta toshe musu baya. Sai wari ya cika motar.

"Fetur ne," in ji Sa'adiyya, tana toshe hanci da mayafi.

Gali ya leƙa. Tankar mai ce ta kife a gangare, man yana malala a kan kwalta har ƙarƙashin motoci. Mutane sai tururuwa suke yi da bokitai da jarkoki. Wani mai babur kuwa ya ƙi kashe injinsa, yana neman kutsawa.

"Ku fita! Kar wanda ya ɗauki komai!" in ji Gali.

"Ƙafata ba za ta kai ni ba," Hajiya ta ce a hankali. "Ka ja yarinyar nan ku tafi."

"Hajiya, don Allah ki hau bayana."

Ya durƙusa, ta riƙe wuyansa. Takalmansa suka jiƙe da mai, yana taku yana santsi, ita kuma tana ta salati a kunnensa. Sai da suka hau wani tudu a gonar rogo ya waiwaya, bai ga Yusra ba.

"Ina take?"

Sa'adiyya ta koma da gudu. Gali ya tsaya da uwa a baya, idonsa a kan babur ɗin nan da har yanzu yake hayaƙi. Can sai ga Sa'adiyya ta ɓullo tsakanin motoci, tana jan Yusra. Ashe yarinyar komawa ta yi ɗauko ledar maganin kakarta.

Wuta ba ta tashi ba. Da la'asar 'yan kwana-kwana suka zuba kumfa da yashi, aka buɗe hanya. Gali ya zauna a mazaunin direba, ya daɗe bai iya murɗa makulli ba. A Ilori suka sake kwana, sannan suka isa gidan Kawu Isiyaku, suka same shi zaune a ƙofar ɗaki yana jiransu.