Ƙaguwa Tana da Kai Biyu

Raelene na shanya wanki ranar Laraba, ƙanin mijinta Trev ya shigo tsakar gida da hula a hannu. An tsinci jirgin ruwan mijinta Lyall a bakin rafin da ke shiga teku, shi yana zaune a ciki, zuciya ta tsaya. Ƙaguwowi tara na kamunsa na ƙarshe suna cikin kwando da ransu.

Ta ce su za ta dafa wa masu zaman makoki. Sai dai shekara talatin Lyall ne ke kashe su, ita nata dahuwa.

Trev ya ɗora tukunya a rumfa. "Rae, zuba su haka nan mu huta."

"Lyall bai taɓa jefa mai rai a tafasasshen ruwa ba. Zubar da ƙafafu suke yi don azaba."

"To kira shi ya zo ya yi."

"Kai ko kifin gwangwani ba ka iya buɗewa, kauce min."

Ta kwantar da su a ƙanƙara, ta ɗauko tsinken ƙarfen Lyall, ta soka wa ta farko tsakanin ido, inda hankali ya ce ƙwaƙwalwa take. Ƙafafu suka ci gaba da motsi. Ta ƙara sokawa. Ta ƙara. Ƙaguwa sai shure-shure take yi a kan katako.

Raelene ta yi jifa da tsinken. "Mutumin banza! Ka tafi ba ka nuna min ba!"

Ai kuwa Lyall ya nuna. Sau nawa yana surutunsa tana cewa ya bari ta ji rediyo? Har zane ya yi da alli a bangon rumfar, ta rataya kalanda a kai. Ta fizge kalandar. Ga ƙaguwa a rigingine, da ɗigo biyu: ƙarami kusa da baki, babba can tsakiyar ciki. A ƙasa ya rubuta: ƙullin jijiya biyu ne, babban shi ke da ƙafafu.

Ta tsinci tsinken, ta juya ƙaguwar, ta ɗaga murfin cikinta, ta soka. Nan take ƙafafu suka saki.

Trev ya rage wutar tukunya, ya miƙo mata ta biyu.

Laimar iskar teku tana cin alli. Kullum da safe, kafin ta ɗora shayi, Raelene takan shiga rumfa ta sabunta ɗigo biyun.