Tukunyar da Ba a Wankewa

Wani dare Tokuji ya ji ƙara tana tasowa daga ƙarƙashin shimfiɗarsa, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Sai ta tsaya, a yi dariya can ƙasa-ƙasa, sai ta sake tashi. Ya yi zaton ɓera ne, ya yi zaton haƙoran wani ne ke haɗuwa don sanyi, har ya raya a ransa ko matarsa Fumie ce ta dawo neman maɓallan da take tarawa a gwangwanin shayi. Bai ji tsoro ba. Tun da aka ƙone gawarta a hunturun bara babu abin da yake ji sosai, har ɗanɗanon abinci ya bar bakinsa.

Da safe Shigeko, matar mahaucin da ke maƙwabtaka da shi, ta hau bene da ledar ƙashi kamar kullum. Ya ba ta labarin ƙarar da ya ji.

"Ƙanƙara ce, tsoho," in ji ta. "Yaran da suka kama shagonka na ƙasa sun buɗe jiya. Taliya suke sayarwa da giya, giyar kuma sai an girgiza ta da ƙanƙara kamar maganin tari."

"A shagon taliya?"

"A'a, a asibiti. Karɓi ƙashinka, hannuna ya gaji."

Ƙashin na tukunya ne. A garinsu Kurume mai romo na gaske ba ya juye tukunyarsa. Romon jiya shi ake ƙara wa ruwa da sabon ƙashin alade ya zama na yau, na yau ya haifi na gobe. Uban Fumie ne ya fara ɗora wannan, ita ta gada, Tokuji ya aure ta da tukunyar duka. Da ya rufe shago sai ya ɗebi romon a 'yar tukunya ya hau da shi sama, yana tafasa shi safe da yamma, don kwana ɗaya ba wuta ya isa ya kashe shi. Ba mai sha. Wani lokaci ya kan tsaya yana kallon kumfa yana tashi, yana cewa a ransa ai akwai ɗigon da ya ga ranar aurensu a ciki, sai dai ba a san wanne ba ne.

Yanzu kuwa 'yarsa ta gama shiri, ƙarshen wata zai koma wurinta a birnin Nagoya. Ta ce ya zo da kayan sawa da hoton mamanta, amma tukunya ba ta da wuri a gidan mijinta. Saura kenan a sami wanda zai karɓi romon.

"Ka sauka ka ba yaron nan," in ji Shigeko. "Da yamma zan zo in ja ka. Kuma ka canza rigar nan, karnukan unguwa har sun san ta."

Da yamma ya cika ƙaramin filas da romon, ya naɗe shi a ƙyalle, ya cusa a aljihun kwat. Suka sauka.

Bai gane wurin ba. An shafe bango da baƙin fenti, fitilu suna reto kamar ƙwai a zare. Inda Fumie ta saba tsayawa tana yanka albasa an jera kwalabe har rufi, wata yarinya mai askin maza tana sassaƙa ƙanƙara da wuƙa har ta zama dunƙule kamar ƙwallo. Tokuji ya daɗe yana kallonta. Ya ga fuskarsa a cikin ƙanƙarar, a kife, 'yar mitsitsiya.

Mai shagon ya fito daga madafa yana goge hannu. Sunansa Haruto, saurayi ne siriri, da ɗan kunne a kunne ɗaya. Ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa kantar shagon.

"Maigida! Da kanka? Ai ni ya kamata in hau in gaishe ka."

"Ka bar rusunawa ka kawo abinci," in ji Shigeko. "Ni kuma a girgiza mini wancan mai hayaƙi, in ga abin da ya hana unguwa barci."

Aka kawo mata tambulan an kife masa murfin gilashi, da aka ɗaga sai hayaƙi ya fito. Ta kurɓa, ta yatsina fuska, ta ce kamar ta lashi tsohon kabad, sannan ta sake kurɓa. Tokuji aka ajiye masa farin kwano mai faɗin baki. Romon kaza ne, garau, ana hango taliyar kwance a ƙasa kamar an taje ta. Ga yankan nama ɗaya ja-ja, ga rabin ƙwai, ga ɗan ɓawon lemo a gefe.

Ya ɗauki 'yan sandunan cin abinci ya fara ci. Da zafi, wannan ya sani. Taliyar tana da ɗan tauri, wannan ma haƙori ya gaya masa. Sauran kuwa kamar yana tauna ruwa. Filas ɗin yana ɗumama masa haƙarƙari, yana ta juya maganar da zai fara da ita. Hankalinsa yana can, hannunsa ya yi abin da ya saba yi a shagon kowane abokin sana'a don girmamawa: ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon ƙaf, ya ajiye shi babu ko ɗigo.

Haruto ya zo ya leƙa kwanon, ya kira yarinyar ƙanƙara ita ma ta leƙa. Idonsa ya kawo ruwa.

"Maigida, tun da na kama wurin nan ban yi barcin kirki ba. Na ce ranar da ka sauko za ka kurɓa sau ɗaya ka ajiye, ka ce wannan ruwan wanki ne." Ya share ido da bayan hannu. "Babana ma irin romonku yake yi. Na taso ana toshe hanci in na shiga aji. Na rantse in na buɗe nawa, kullum sai na wanke tukunya ta yi ƙal kafin in kwanta. Yau ka shanye. Shi kenan, ba zan ƙara wa romona komai ba har in mutu."

Shigeko ta zunguri Tokuji da gwiwar hannu. Ya sa hannu a aljihu, ya taɓa ƙyallen, ya bar hannun a can.

"Na gode da abinci," in ji shi.

Haruto ya nemi izinin ɗaukar hoton kwanon, Tokuji ya ɗaga kai. Aka rako su har bakin labulen ƙofa ana ta rusunawa.

A waje rana ba ta gama faɗuwa ba. Ya hau matakala a hankali, ya shiga ɗaki bai cire kwat ba. Lokacin tafasawar yamma ya yi, har ya ɗan gota. Maiƙo ya daskare a saman tukunyar, fari, da wani tsage a tsakiya mai kama da kogin Chikugo in an hango shi daga dutse. Ya jawo kujera ya zauna gaban murhu, ya ɗora hannayensa a gwiwa, yana kallon tsagen.

Shigeko ba ta hau ba. Daga ƙasan matakala ta ɗaga murya.

"Tokuji! Ƙashin gobe fa? In ce wa mijina ya ajiye maka, ko ya bari?"