Direban Daro

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san tushensa. Da yamma na zauna ina kallon yarana suna wasan tseren nan na talabijin, wanda ake riƙe ɗan abu a hannu, in ka karkata dama mota ta yi dama, in ka girgiza ta ƙara wuta. Suwaiba, babbar 'yata, tana gefe ba ta taɓa ba. Tun da ta samu gurbin karatun jinya a Ilori na ce sai na yi tunani, ta daina dariya a gabana. Ni direban babbar mota ne, na san abin da hanya take ci.

A mafarkin sai ga ni a wani gari da aka raba samansa gida huɗu kamar fuskar talabijin a wasan yaran, kowane ɗan tsere da nasa. Wata agwagwa mai hular kwano ta miƙo mini faifai.

"Ga sitiyarinka, direba."

"Ina motar?"

"Kana ciki."

Na duba, ashe a daron wanka nake zaune. Ƙadangare na damana a kan turmi, wata tsohuwa na haguna a kan tabarma tana tsefe gashinta. Suwaiba na bayana cikin akwatin tafiya mai taya, da nata faifan.

"Birki fa?"

"Ya tafi biki, sai jibi."

Agwagwa ta yi atishawa, aka tashi. Na karkata faifai, daro ya bi. Na gyara hula, daro ya yi tsalle. Na sosa kunne, ya shiga da ni kasuwa ya fito ta rumfar masu barkono. A garin nan duk motsin jiki tuƙi ne, shi ya sa ƙadangare ya wuce kowa da gyaɗa kai kawai.

Muka hau wata gada ta rake. Ramukan titi suna zaune a gefe suna shan shayi, sai sun hango mutum su taso su kwanta masa. Duk inda Suwaiba ta karkata sai in riga ta, in tsaya a gabanta.

"Baba, ka tare ni."

"Hanya nake duba miki."

"To ni ƙeyarka kawai nake gani."

Agwagwar ta biyo mu a kan keke, tana haki.

"Direba, layin ƙarshe ya kusa tashi daga aiki, har ya sa takalmi. In yarinyar nan ba ta iso ba, sai baɗi."

Mu a hanya, in ƙaramar mota ta daɗe a bayanka, kakan leƙa gaba, in da sarari ka zura hannu ta taga ka kaɗa mata ta wuce. Na leƙa. Ban ga hatsari ba, ban kuma ga lafiya ba, hanya dai ce. Hannuna ya yi nauyi kamar buhun siminti. Na ɗaga shi, na kaɗa.

Daro ya ɗauka da shi nake. Ya yi juyi, ya wuntsila, ya zubar da ni a gonar alayyafo.

Daga kwancen na ga nata ɓangaren sama. Tana riƙe da faifai hannu biyu, tana kauce wa ramuka tun ba su ajiye kofin shayi ba. Da ta gifta ni ta danna oda, fif-fif, irin godiyar direbobi. Ban san ranar da ta koya ba.

Ƙadangare ya dawo ya tsaya a kaina.

"Malam, kai ne na ƙarshe fa."

"Na gani."

"To me kake wa murmushi?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai ƙarar tsintsiya ta farkar da ni. Suwaiba ce ke share ƙofar ɗakina, a hankali don kada in tashi. Hannuna na hagu yana wajen gidan sauro, bai daina kaɗawa ba.