Ɗaki a Buɗe, Kuɗi a Hanya

Ƙarfe uku da rabi na yamma, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara wasa da ledoji a bakin titi. Wani kafinta yana tsaye a shagon mai sayar da kwanon rufi, waya a hannu, ransa a ɓace.

Tun da safe ya kware rufin ɗakin yayarsa. Ɗaki ɗaya ne take da shi, a nan take kwana, a nan take ɗinki. Tsohon kwanon tsatsa ta gama cinye shi, yana ɗagawa yana ɓarkewa a hannunsa. Niyyarsa ya sayo sabo da rana, ya buga kafin yamma. Kuɗin kwanon kuwa ta waya ya tura, daga bankinsa zuwa na mai shago.

"Baba, duba mana! Ga shi an rubuta sun tafi. Tun ƙarfe ɗaya aka cire min su."

Mai kwano, wani dattijo mai furfura, ya leƙa tasa wayar ya ajiye. "Sun tafi ina? Nan dai ba su iso ba. Ko sun tsaya gaisuwa a hanya ne?"

"Shekara nawa ina sayen kaya a wajenka?"

"Wanda ya cuce ni watan jiya ma kullum sai ya gaishe ni. Hoton rasit ya nuna min, irin naka sak. Kwano ba ya fita sai wayata ta yi ƙara."

Kafinta ya kira bankin. Suka sa masa kiɗa har kunnensa ya yi zafi, sannan wata murya mai sanyi ta ce ya yi haƙuri, tsakanin banki da banki wani lokaci yakan kai awa ashirin da huɗu.

"Ashirin da huɗu!" Ya juya yana faɗa wa duk wanda ke kusa. "Wajen cirewa fa? Ko ƙiftawa ban yi ba suka kwashe, har da ladansu. Wallahi da a aljihu na zuba su na tako da ƙafa, da yanzu ina kan jere na ƙarshe."

Ya sake turawa kuma, da me? Asusun ya ƙare ƙaf.

Wayarsa ta yi ƙara. Har ya zabura yana zaton banki ne, ashe Yaya ce.

"Kai, kana ina? An fara yayyafi! Kayan makarantar 'ya'yan mutane ne fa a ɗakin nan."

"Ki kai su maƙwabta, Yaya."

"Katifar fa? Keken ɗinkin fa? A kaina zan ɗora? Tun da safe na ce maka ka kawo sabon tukuna, ka ce ai minti ɗaya ne."

Ta kashe. Ɗigon farko ya faɗo kan tarin kwanon, tas, tas. Kafinta ya hau babur ɗinsa yana huci, yana ta taka kik ya ƙi tashi.

Mai kwano ya miƙe da ƙyar, ya shiga can ƙuryar shago, ya jawo wani ƙaton tamfol. Ya naɗe shi, ya ɗaure a bayan babur da roba, ya ja ya tabbatar ya kamu.

"Ka danne gefensa da bulo, iska ce."

Babur ya tashi. Kafinta ya figa bai ko waiwayo ba, bakinsa na ta motsi, har yanzu da banki yake.