Wuƙar Fere Doya

Wuƙar tana ƙarƙashin cinyar Rukayat, naɗe cikin ɗankwali, lokacin da Malam Ndanusa ya yi sallama ya dire doyar da ya tsaya ya saya a Garatu. 'Yarsa Aziza ta shigo a bayansa. Ta yi ƙiba, magani ya nauyaya mata ido, amma murmushinta yana nan yadda suka san shi.

Zangon karatu guda ke nan rabonta da ɗakin da su uku suka kama haya a bayan jami'a. Ranar da ciwon ya tashi, ana tsakiyar lacca ta miƙe tana amsa wa muryoyin da ita kaɗai take ji. Ko ƙuda ba ta taɓa ba. Amma ka san ɗalibi da ƙarin gishiri: kafin la'asar an ce ta shaƙe malami, kafin mako an ce ta bi wata da wuƙa.

"'Ya'yana," in ji tsohon, "likita ya ce in tana shan magani za ta gama karatunta, muddin tana da abokan zama. In ba za ku iya ba, ku faɗa mini gaskiya in koma da ita Bida."

"Haba Baba, ai 'yar'uwarmu ce!" Larai, ta ukunsu, ta yi caraf ta amsa. Ita ce kuwa ta miƙa wa Rukayat wuƙar ɗazu, da suka hango su tafe, ta ce ta ɓoye.

* * *

Tun shekarar farko kowa da aikinta a girkin ɗakin: Larai daka, Rukayat miya, Aziza fere doya. Don haka Aziza ba ta jira an ce mata ba. Ta naɗe hannun riga, ta jawo tire, ta zura hannu cikin gwangwanin cokula. Wayam.

"Rukayat, ina wuƙarmu?"

"Maƙwabta sun ara."

"To tashi ki karɓo mana, Baba bai ci komai ba."

Wallahi Rukayat tana son Aziza. Aziza ce ta yi jinyarta lokacin da taifot ya kwantar da ita. Amma in ta tashi asiri ya tonu, ga tsoro ya riƙe mata ƙafa. Ta gyara zama, sai ƙotar wuƙar ta leƙo.

Aziza ta daɗe tana kallon ƙotar. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. A hankali ta sauke hannun rigarta.

"Baba, mu tafi kada mu rasa mota."

* * *

Har aka gama jarrabawa doyar tana bayan ƙofa. Ba wadda ta iya sa mata wuƙa, har ta yi tsiro.