Motar da ke ciwon ƙarya

Wayon banza shi ne mutum ya sayi hutunsa da wahalar na kusa da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A layinmu doka a fili take, a allo ma aka rubuta ta: babbar mota ta sauke kaya kafin takwas na safe, ta wuce filin ajiye motoci da ke bayan gari. Wadda ta lalace kaɗai ake ɗaga wa ƙafa.

To, akwai wani direba da muke kira Gwanin Dabara. Shi zuwa filin nan ne ba ya so, wai da nisa. Sai ya girke babbar motar maigidansa a ƙofar shagon kawunsa tela, ya ɗaga bonet, ya sa wa taya dutse, ya tsiyaya baƙin mai a ƙasa, ya shige gida. Jami'an hanya in sun zo, su ga mota a lalace, su wuce.

Kawun nan idonsa ya yi rauni, kuma taga ɗaya gare shi. Da haskenta yake zura zare a allura. In motar ta tsaya, shagon sai ya koma kamar cikin tulu. Ga kayan 'yan makaranta ya karɓo, in bai gama kafin a koma hutu ba, aikin ya bar hannunsa ke nan.

"Ɗan nan, ka matsar min da ita ko da taku goma ne," in ji tela.

"Kawu, ba ta da lafiya."

"Wace irin cuta ce wannan, mai warkewa da la'asar?"

Direba ya yi dariya. Tela kuwa ya kasa kai ƙarar ɗan ƙanwarsa.

Rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Wata Talata aka turo sabuwar jami'a, mace mai sanyin magana. Ta zagaya motar, ta leƙa shago, ta tarar da tsoho yana laluben allura. Ta sa aka kira direba.

"Sannu da jinya, malam. Kwana nawa ke nan?"

"Ai ranki ya daɗe, ta daɗe tana min haka."

"Allah sarki. Ba za mu bar ka da wahala ba. Na kira motar janwe, a kai ta wurin masu duba lafiyar mota."

Direba ya dubi motar. In ya tayar da ita, ya tona kansa a gaban jama'a. In ya yi shiru, a ja ta, ga lodin taliya yana jiran sa da azahar. Ya zaɓi shiru.

Ana jan motar haske ya faɗo cikin shago. Tela ya zura zare a karon farko, ya hau keke. Ranar Asabar ya miƙa kayan.

Masu dubawa kuwa suka samu birki ya cinye da gaske, suka riƙe ta sai da aka gyara. Ƙanwar tela, uwar direban, ta ce wannan kam gyaran Allah ne.

Ga abin da dabara ta ci masa: kwana tara ba aiki, lodi huɗu sun tafi hannun wani abokin hamayyarsa, kuma mai motar ya karɓe makulli ya ba shi ƙaramar akori-kura.